John Randall: Gwanin Ƙira Da Wasiƙa Ta Yi Wa Tabo

Duk wanda ya taɓa ɗumama abinci a na'urar maikurowef, mai karatu, ya ci gajiyar John Randall ko bai san sunansa ba. An haife shi a 1905 a Lancashire ta Ingila, ɗan mai renon shuke-shuke, ya karanta fiziya a Jami'ar Mancesta.

Yaƙin Duniya na Biyu ya same shi a Jami'ar Bamingam, lokacin da Birtaniya ke neman gajerun igiyoyin rediyo masu ƙarfi domin na'urar hango jirage. Shi da Harry Boot suka huda ramuka 6 a dunƙulen tagulla, suka sa maganaɗisu ya riƙa juya ƙwayoyin lantarki a bakin ramukan, tamkar yadda iska ke sa sarewa kuka. Ranar 21 ga Fabrairun 1940 wannan magnetiron ya ba da kusan wat 400, da igiya mai tsawon kimanin santimita 10. Kafin Satumba injiniyoyin GEC sun kai shi kilowat 10, aka tsallaka da shi Amurka. A kan wannan tushe ne George Bekefi na MIT ya ɗora a 1976, ya ingiza ƙwayoyin kusa da saurin haske, ƙarfin ya kai ɗaruruwan megawat.

Ni kuwa, da harshe ne sana'ata, wata wasiƙarsa ta fi tsaya mini a rai. A 1946 ya koma Kwalejin King's ta Landan, inda ya kafa sashen binciken halitta. A Disambar 1950 ya rubuta wa Rosalind Franklin, ya nuna mata cewa ɗaukar hoton DNA aikinta ne ita da ɗalibi guda. Maurice Wilkins, wanda ya riga ta fara aikin, bai ga wasiƙar ba, ya ɗauka tare za su yi. Kowannensu na da hujja, shi ya sa rikicin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. A ganina laifin na shugaba ne, domin shi kaɗai ya san abin da ya faɗa wa kowa.

Franklin ta bar kwalejin a 1953, shekarar da Watson da Crick na Kambirij suka bayyana siffar DNA, ta rasu a 1958. A 1962 Wilkins ya raba kyautar Nobel da su, Randall kuma ya samu lambar Sir. Ya koma Edinbura a 1970, ya mutu a 1984.