James Joyce: Ya Bar Gida, Amma Gida Bai Bar Shi Ba

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. To, ga wani mutumin ƙasar Ailan da wannan magana ba ta kama ba, wato James Joyce, ɗaya daga cikin manyan marubutan Turanci na ƙarni na 20.

An haife shi a Dablin ran 2 ga Fabrairu, 1882, lokacin Turawan Ingila na mulkin ƙasar. Shi ne babba cikin 'ya'ya goma da suka rayu a gidansu. Ubansa yana da abin hannu da fari, amma shaye-shaye da bashi suka cinye dukiyar. A 1888 aka kai yaron makarantar kwana ta Clongowes Wood, wadda limaman Katolika ke riƙe da ita. Bayan shekara uku aka fitar da shi don an kasa biyan kuɗi. Daga baya ya shiga Kwalejin Belvedere, sa'an nan jami'a a Dablin, inda ya gama karatun harsuna a 1902.

Ya tafi Faris da niyyar koyon aikin likita, amma a 1903 aka kira shi gida, uwarsa ba ta da lafiya. A cikin shekarar ta mutu. A 1904 ya sadu da wata yarinya, Nora Barnacle, mai aiki a wani otal, suka bar ƙasar tare. Suka zauna a Tiriyesti, yana koyar da Turanci, kullum cikin bashi.

A can ne ya rubuta littafinsa mai suna A Portrait of the Artist as a Young Man, wato hoton marubuci a zamanin samartakarsa. Labarin wani yaro ne, Stephen Dedalus, wanda rayuwarsa ta yi kama da ta Joyce ƙwarai. Akwai inda limami ya doke shi a hannu bisa zalunci bayan tabaransa ya karye. Akwai kuma inda gardamar siyasa da addini ta ɓata wa iyalinsu cin abincin Kirsimeti. Da ya balaga ya faɗa wa zunubi, wa'azin wuta ya razana shi, ya tuba, har aka yi masa tayin zama limami. Ya ƙi, ya zaɓi rubutu, ya ƙudura barin ƙasarsa.

Abin da ya bambanta littafin shi ne harshensa yana girma tare da yaron. Farkonsa maganar ƙuruciya ce, ƙarshensa kuwa tunanin ɗan jami'a. Mai karatu yana ganin duniya ta cikin zuciyar Stephen, ba ta bakin mai ba da labari ba.

Wata mujalla ta Landan, The Egoist, ta riƙa fitar da shi kashi-kashi daga 1914 zuwa 1915. Masu ɗab'i na Ingila suka ƙi taɓa shi, sai a Niyok aka buga shi a Disamba, 1916. Bayansa Ulysses ya fito a Faris a 1922, wanda duk labarinsa na yini ɗaya ne a Dablin. An hana shigar da shi Amurka har 1933. Na ƙarshe, Finnegans Wake, ya fito a 1939.

Shahara ba ta raba shi da wahala ba. Ciwon ido ya sa aka yi masa aiki sau da yawa, 'yarsa Lucia kuma ta samu taɓin hankali. Tun daga 1912 bai sake taka Ailan ba, amma duk labaransa a Dablin suke, da titunanta da kantunanta da irin maganar mutanenta. Duk wanda neman abinci ya kai shi nesa da garinsu ya san wannan hali.

Ya mutu a Zurik ta ƙasar Suwizalan ran 13 ga Janairu, 1941, yana da shekara 58, aka binne shi a can. Dablin kuwa, wadda ya guje wa, ta kafa masa gunki a tsakiyar gari.