Hajiya Gambo Sawaba (1933-2001)

A wannan fitowa na ga ya dace in ɗan tuna mana da marigayiya Hajiya Gambo Sawaba, wadda muna yara muke jin sunanta a bakin iyayenmu, wasu na yabo, wasu na tsine mata.

An haife ta a Zariya a shekarar 1933. Sunanta na yanka Hajaratu, Gambo kuwa saboda ta biyo tagwaye ne. Mahaifinta mutumin Gana ne da ya zo aiki a reluwe, mahaifiyarta kuma Banufiya. Iyayenta sun rasu tana ƙarama, karatu ya tsaya a firamare, aka yi mata aure tana da shekara 13. Mu da Allah ya ba mu damar zaman aji har sakandare, sai mu dubi wannan da kyau.

Tana da kimanin shekara 17 ta shiga jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a 1950, har ta zama shugabar mata. Ta yi tattaki zuwa Abekuta don ganawa da Funmilayo Ransome-Kuti. A lokacin, mace ta hau mumbari ta yi magana gaban maza abin kunya ne babba. Ita kuwa ta shiga gidaje tana yi wa matan kulle bayanin ƙuri'a, da illar auren wuri, da amfanin ilmin 'ya mace. Abin da ta samu shi ne duka a hannun 'yan banga, da kora daga Kano, da ɗauri har sau 16.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk wannan wahala ta sha ta ne alhali ita kanta ba ta da ikon jefa ƙuri'a. Matan Kudu sun yi zaɓen tarayya na 1959, amma matan Arewa sai a 1976 aka ba su dama. A jamhuriya ta biyu ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP.

Ta rasu a watan Oktoba na 2001, an kuma sa wa wani babban asibiti a Zariya sunanta. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurin ware wa mata kujeru, sannan a zaɓen 2023 mata uku kacal aka bayyana sun ci kujera cikin sanatoci 109. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta, amin.