C. T. Studd: Gwanin Kurket da Ya Bar Fili Saboda Bishara

Karatun yau: Markus 8:34-38

Wataƙila ba ka taɓa kallon wasan kurket ba, gama a nan Wudil ƙwallon ƙafa da dambe muka fi sani. A kurket, mai jifa yakan sheƙo da gudu ya wurgo ƙwallo mai tauri da dukan ƙarfinsa, yana neman ya kayar da sanduna uku da aka kafa a nisan kamar mita 20. Wani kuma yana tsaye a gabansu da katako, yana tarewa, yana bugun ƙwallon don ya tara maki. Ba kowa ne ke ƙwarewa a duka biyun ba, amma Charles Thomas Studd ya ƙware.

An haife shi a Ingila a 1860, a gidan masu dukiya. Ya yi karatu a Eton da Jami'ar Cambridge. A 1882, yana ɗan shekara 21, ya tara maki fiye da 1,000, ya kuma fitar da 'yan wasa fiye da 100 da jifarsa a kakar wasa guda. A wannan shekara ya buga wa Ingila a filin Oval na Landan, inda mai jifa da gudu na Ostireliya, Fred Spofforth, ya fitar da mutum 14, Ingila ta sha kaye da maki bakwai kacal. Daga wannan kayen aka samo gasar da ake kira Ashes har yau. Studd yana cikin tawagar da ta bi su har Ostireliya ta rama. Sunansa ya cika ƙasar.

Amma lura da wannan: tun 1878 ya karɓi Yesu, sai dai wajen shekara shida zuciyarsa tana fili. Yana zuwa sujada, amma ba ya yi wa kowa shaida. Sai ɗan'uwansa George, shi ma gwanin kurket, ya kwanta ciwo har aka fid da rai. A bakin gadon nan Studd ya ga cewa suna da tafi ba sa tsinana wa mai mutuwa kome. Allah ya tā da George. Studd kuwa ya je taron mai bishara D. L. Moody a 1884, ya sāke miƙa kansa ɗungum.

A 1885 ya tafi ƙasar Sin tare da abokai shida, a ƙarƙashin mishan na Hudson Taylor. Da gādonsa na kusan fam 29,000 ya shigo hannu, ya rarraba shi ga aikin Allah, har da gidan marayu na George Müller. Ya auri Priscilla Stewart a 1888. Daga 1900 zuwa 1906 ya yi aikin fasto a Indiya.

Bayan ya koma gida, yana fama da asma, ya ji wa'azin Karl Kumm a Liverpool. Wannan Kumm shi ne ya kawo mishan na SUM zuwa Wase, a nan Arewa, a 1904. Maganarsa a kan Afirka ta hana Studd sakat. Likita ya hana shi tafiya, masu tallafi suka janye, duk da haka ya tafi Sudan a 1910, sa'an nan Kwango a 1913. A can ya kafa aikin da ya zama WEC. Abin bai zo da sauƙi ba: ya yi shekaru nesa da matarsa, wadda ta rasu a 1929. Shi ma ya huta a Ibambi, cikin Kwango, ranar 16 ga Yuli, 1931, yana da shekara 70.

Ɗan'uwa, wasa ba zunubi ba ne, haka ma kasuwancinka ko karatunka. Naciyar da Studd ya koya wajen jifa ita ce ya kai gonar Ubangiji. Tambayar ita ce, wa ke cin mafi kyawun ƙarfinka? Kana iya zama mai bi shekara da shekaru, alhali maƙwabcinka bai taɓa jin bishara daga bakinka ba. Kada ka jira sai ciwo ya shigo gida kafin ka farka.

Addu'a: Ya Uba, ka cika ni da Ruhu Mai Tsarki. Ka karɓi ƙarfina da baiwata da dukiyata, ka more su a aikinka tun yau. A cikin sunan Yesu. Amin.