Mai Sayar da Yadi Wanda Ya Ga Abin da Ido Ba Ya Gani

Ran nan na yi wa 'yan ajina wani kacici-kacici, na ce, wane madubi ne ba ya nuna fuska, amma yana mai da ɗigon ruwa ya zama gari cike da jama'a? Amsa ita ce madubin likita. To, bari in ba ku labarin Antoni van Leeuwenhoek, wanda ya fara ganin wannan jama'a.

An haife shi a Delft, cikin ƙasar Holan, a 1632. Bai yi makaranta mai zurfi ba, bai kuma iya Latin ba, watau harshen masana na zamaninsa. Yana da shekara 16 aka kai shi Amsterdam koyon cinikin yadi, sa'an nan ya komo gida ya buɗe kanti.

Masu yadi a lokacin sukan duba zare da gilashi mai ƙara girman abu. Shi kuwa sai ya shiga yin nasa gilasai, ƙanana ƙwarai. Wani daga cikinsu yana ƙara girman abu wajen sau 270. A 1674 ya ɗebo ruwan wani tafki ya duba, sai ga waɗansu 'yan halittu suna ta kai da kawowa. Ya riƙa rubuta wa ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan. Da fari suka yi shakka, sai da Robert Hooke ya gani da idonsa a 1677. A 1680 suka shigar da shi cikinsu. A 1683 har dattin haƙoransa ya duba, ya zana ƙwayoyin da ya samu.

Ya rasu a 1723 yana da shekara 90. Amma ga abin da ya dame ni. Ya ɓoye asirin yin gilasansa, bai koya wa kowa ba. Sai da aka yi shekara fiye da 130 kafin Pasteur da Koch su nuna cewa irin waɗannan ƙwayoyi suna kawo cuta.

'Yan'uwana, mu da za mu zama malamai, mu ɗauki naciyarsa, mu bar rowarsa. Ilmin da aka kulle a akwati, tare da mai shi a kan binne shi.