Max Planck: Masanin da Kilo Ya Dogara da Adadinsa

Kilon da ake auna riɗi da shi a sikelin kasuwannin Birnin Kudu da Gwaram yana da asali. Tun daga 1889 wani curin ƙarfe da aka adana kusa da birnin Paris ne ma'aunin kilo na duniya, sai dai an lura nauyinsa yana ɗan bambanta da na kwafinsa. Daga 20 ga Mayu, 2019, aka jingina kilo da wani adadi da ba ya sauyawa, wanda Bajamushe Max Planck ya gano.

An haifi Planck a Kiel ranar 23 ga Afrilu, 1858. Da ya shiga Jami'ar Munich a 1874, malaminsa Philipp von Jolly ya shawarce shi da ya nemi wani fanni, domin a ganinsa an kusa gama gano komai a fiziks. Bai bi shawarar ba. Ya samu digirin digirgir yana ɗan shekara 21, daga bisani ya zama farfesa a Berlin.

Abin da ya ɗaure wa masana kai a lokacin shi ne hasken da abu mai zafi ke fitarwa, kamar ƙarfen maƙera da ke yin ja sannan ya yi fari. Lissafinsu ya ƙi dacewa da gwaji. Ranar 14 ga Disamba, 1900, Planck ya nuna cewa makamashi ba ya kwarara kamar ruwa, gutsure-gutsure yake fita. Girman kowane gutsure shi ne saurin kaɗawar hasken sau wani adadi da ya sa wa alamar h, kimanin 6.626 a raba da 1 mai sifili 34. A kan wannan Einstein ya bayyana halin haske a 1905, Niels Bohr kuma ya bayyana tsarin ƙwayar zarra a 1913. Planck ya samu lambar Nobel ta 1918.

A gida kuwa jarrabawa ta yi masa yawa. Matarsa ta fari ta rasu a 1909, ɗansa Karl ya mutu a fagen yaƙi a 1916, tagwayen 'ya'yansa mata suka rasu sanadin haihuwa a 1917 da 1919. A 1933 ya je gaban Hitler ya roƙi a ƙyale masana Yahudawa, bai yi nasara ba. Bam ya rushe gidansa a 1944, aka kuma zartar wa ɗansa Erwin hukuncin kisa a 1945 bisa zargin hannu a yunƙurin kashe Hitler.

Ya rasu a Göttingen ranar 4 ga Oktoba, 1947, yana da shekara 89. A jikin dutsen kabarinsa an zana sunansa da adadin nan nasa.