Ernest Everett Just, Mai Binciken Fatar Ƙwayar Halitta

A darasin kimiyya mukan zana ƙwayar halitta a allo, mu yi mata da'ira, mu sa ɗigo a tsakiya, hankalinmu duka yana kan ɗigon. Mutumin da za mu ba da labarinsa a nan, shi da'irar ce ta ɗauke masa hankali har ƙarshen ransa.

An haifi Ernest Just a Charleston ta ƙasar Amurka ran 14 ga Agusta 1883. Baƙar fata ne. Yana ɗan shekara huɗu mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta ci gaba da riƙon gida da aikin koyarwa. Zazzaɓin taifot ya kwantar da shi yana yaro, har sai da ya sake koyon karatu da rubutu daga farko. Duk da haka ya gama Kwalejin Dartmouth da babban yabo a 1907, ya kama koyarwa a Jami'ar Howard, ya sami digirin dakta a Jami'ar Chicago a 1916.

Tun daga 1909 yakan tafi Woods Hole, wurin binciken halittun teku, a lokacin hutu. Can ya zama gwanin sarrafa ƙwan tsutsar teku da na dangin bushiyar teku, har manyan masana sukan nemi shawararsa. A 1912 ya nuna cewa wurin da maniyyi ya shiga ƙwai shi ke tsai da layin da ƙwan zai fara rabuwa biyu. Daga baya ya ga cewa da zarar maniyyi ɗaya ya shiga, wani canji yakan bi fatar ƙwan daga wannan wuri ya zagaye ta, ya hana na biyu shiga. Ya kuma lura cewa mannewar ƙwayoyin ɗan tayi da juna aikin fatarsu ne. Ashe fatar nan tana ji, tana amsawa, tana kai saƙo ciki. Ya tattara wannan a littafinsa The Biology of the Cell Surface na 1939, lokacin da yawancin masana suka karkata ga ƙwayoyin gado.

Bai rayu ya ga abubuwan da ke yin aikin ba. Sai wajen 1980 zuwa 1987 aka tantance furotin ɗin da ke kan fatar: kadarin, mai haɗa ƙwaya da 'yar'uwarta, da intagirin, mai kama abin da ƙwaya ke tafiya a kai. Da irinsu ne ƙwaya ke miƙa gabanta, ta kama, ta ja jikinta, ta saki baya. Haka fararen ƙwayoyin jini ke fita daga jijiya su isa miki, haka kuma ciwon daji ke yaɗuwa in mannewar ta lalace.

Abin takaici, manyan jami'o'in fararen fata na Amurka ba su ba shi gurbin aiki ba saboda launinsa, ko da yake shi aka fara bai wa lambar Spingarn a 1915. Ya riƙa zuwa Turai: Italiya a 1929, Jamus a 1930, daga baya ya zauna Faransa. Sojojin Jamus suka mamaye Faransa a 1940, aka tsare shi na ɗan lokaci, aka sake shi ya koma gida ba lafiya. Ya rasu a Washington ran 27 ga Oktoba 1941 da ciwon daji, yana da shekara 58.