Robert Goddard: Malamin Da Hukuma Ta Hana Harba Roka

Daga Wakilinmu na Arewa

A zamanin nan, in rokar wani kamfani ta tarwatse wajen gwaji a Amurka, hukumar kula da jiragen sama ta ƙasar, watau FAA, takan dakatar da harbi sai an gama bincike. Haka aka yi wa kamfanin SpaceX da rokarsa Starship ta fashe ran 20 ga watan Afrilu, 2023, aka lissafa masa gyare-gyare 63, bai sake harbawa ba sai cikin Nuwamba. To, jama'a, wannan ba sabon abu ba ne. Mutumin da ya fara harba roka mai amfani da mai na ruwa, shi ma ya sha irin wannan hani tun 1929.

Sunansa Robert Hutchings Goddard. An haife shi ran 5 ga watan Oktoba, 1882, a garin Worcester cikin Jihar Massachusetts. Yaro ne mai yawan laulayi, har wannan ya ja masa baya a makaranta. Yana ɗan shekara 17 ya hau wata bishiya don ya sassare rassanta, a can sama tunanin ƙera abin da zai kai mutum duniyar Mars ya faɗo masa, bai kuwa rabu da shi ba har ya mutu. Ya sami digirin dakta a Jami'ar Clark a 1911. A 1913 tarin fuka ya kwantar da shi har likitoci suka fid da rai, amma da yake da sauran shan ruwa sai ya tashi.

Cibiyar Smithsonian ta ba shi dala 5,000 a 1917, daga baya ta buga ɗan littafinsa, wanda a ƙarshensa ya ambata cewa roka tana iya kaiwa wata. Nan fa 'yan jarida suka sami abin dariya. Ran 13 ga Janairu, 1920, jaridar New York Times ta yi masa ba'a, wai Malam bai san abin da ɗan sakandare ya sani ba, tunda a can sama babu iskar da roka za ta tokara. Jaridar ce ba ta sani ba. Roka hayaƙinta take watsowa baya da ƙarfi, shi ke tura ta gaba, kamar yadda bindiga takan doki kafaɗar maharbi. Goddard kuwa ya riga ya gwada wannan a cikin bututun da aka zuƙe wa iska. Tun daga ran nan ya tsani hira da 'yan jarida, ya shiga ɓoye aikinsa.

Ran 16 ga Maris, 1926, a gonar wata 'yar'uwarsa a Auburn, ya harba rokarsa mai shan fetur da iskar oksijin da aka sanyaya har ta zama ruwa. Ta tashi ƙafa 41, ta yi sakan biyu da rabi a sama, ta faɗa cikin gonar kabeji. Abin kamar wasan yara, amma daga nan aka faro.

Rigimar ta zo ne ran 17 ga Yuli, 1929. Ya harba wata wadda ta fi waccan girma, ɗauke da ma'aunin zafi da na nauyin iska da kyamara. Ta tashi kamar ƙafa 90 tana ruri tana aman wuta, sa'an nan ta rikito. Maƙwabta suka ɗauka jirgin sama ne ya faɗi. Kan ka ce kwabo ga 'yan sanda, ga motocin asibiti biyu, ga 'yan jarida. Ba wanda ya ji rauni, shi Goddard ma a ganinsa gwajin ya yi kyau, amma kashegari jaridu suka cika da cewa ya auna wata ya kuskure. Babban jami'in kula da gobara na Jihar ya sa aka duba, aka hana shi sake harba roka a wurin.

Gaskiya dai hukuma ba ta yi laifi ba. Wanda ke tara fetur da oksijin kusa da gidajen mutane, ko shi ne malamin duniya, dole a tambaye shi. Shugaban Smithsonian, Charles Abbot, ya taimaka aka ba shi fili a sansanin soja na Camp Devens, inda dokar Jihar ba ta kai ba, sai dai wurin bai yi masa daɗin aiki ba.

Surutun jaridun nan kuwa shi ya kai labari kunnen Charles Lindbergh, matuƙin da ya ƙetare tekun Atlantika shi kaɗai a 1927. Ya ziyarci Goddard cikin Nuwamba, ya kuma shawo kan attajirin nan Daniel Guggenheim ya ɗauki nauyin aikin. A 1930 Goddard da matarsa Esther suka ƙaura zuwa Roswell a Jihar New Mexico, fili fetal, ba maƙwabcin da zai kai ƙara. Kafin shekarar ta ƙare rokarsa ta kai ƙafa 2,000, a 1937 kuma wata ta kusa ƙafa 9,000. Da yawa sun ƙone tun ba su tashi ba. Shi ne mai harbi, shi ne mai bincike: a tsinto tarkace, a kai shago, a gano abin da ya lalace, a rubuta a littafi.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi wa sojan ruwa aiki a Annapolis. A 1945 aka nuna masa rokar Jamus V-2 da aka kamo, ya ga ta yi kama da tasa ƙwarai, amma ta yi masa nisa wajen girma da ƙarfi. Ɓoye-ɓoyen nan nasa da ƙin haɗa kai da sauran masana, a ganina, sun rage masa tafiya. Ciwon daji na maƙogwaro ya yi ajalinsa ran 10 ga Agusta, 1945.

Bayan rasuwarsa Esther ta ci gaba da yin rajistar ƙirƙire-ƙirƙirensa har suka kai 214. A 1959 aka sa sunansa ga cibiyar NASA da ke Greenbelt, a 1960 kuma Gwamnatin Amurka ta biya dala miliyan ɗaya saboda amfani da dabarunsa. Ita ko New York Times sai ran 17 ga Yuli, 1969, kashegarin tashin kumbon Apollo 11 zuwa wata, ta buga cewa ta yi kuskure, shekara 40 cif da ranar da motocin asibiti suka je gonar Auburn.